KIWON DUƘUSHI: HATTARA DA MAGANIN ƘARFAFA ƘASHI

Manomi, wannan takarda dominka aka rubuta ta, kai da ke da goɗiya ɗaya ko biyu a turke, ko ka sayo ɗan duƙushi kana kiwo don hawan Sallah, ko don ka sayar in ya tasa. Daga Lambara zuwa Kajiji da Dandin Mahe, daga Shagari zuwa Sifawa da Danchadi da Bodinga, doki dukiya ne, kuma abin ado ne ga mai shi. Duƙushi ɗaya da ya tashi lafiya yana iya fitar da kai kunyar aure ko ta gini. Wanda ya tashi da karkatacciyar ƙafa kuwa, sai dai ka yi ta ciyar da shi a banza.

Saboda haka ne mutane da yawa suke neman abin da ake kira maganin ƙarfafa ƙashi. Sai ka ji mutum ya ce, "Ɗan dokin nan ba shi da ƙwari, a yi mai allura." Mai tallar magani kuwa ba ya rasa kwalbar da zai miƙo. To, ka tsaya tukuna. Ƙashin duƙushi abinci ne da motsi da lokaci suke gina shi. Allurar da aka yi ba bisa ƙa'ida ba tana iya tsayar da girmansa, ko ta ɓata ƙafarsa, ko ma ta kashe shi. Ga bayanin dalili.

1. YADDA ƘASHIN DUƘUSHI YAKE GIRMA

Goɗiya tana ɗaukar ciki kamar wata 11. Ran da ta haihu, nauyin ɗan bai wuce kashi 1 cikin 10 na nauyin uwar ba, amma tsawonsa ya riga ya kai kamar kashi 60 cikin 100 na tsawon da zai yi in ya girma. In ya yi wata 6 ya wuce kashi 80. In ya shekara ya kai kamar kashi 90. Ka ga ke nan yawancin tsawon doki a shekarar farko ake yin sa. Abin da ya ɓaci a wannan shekara da wuya ya gyaru daga baya.

Ƙashi ba ya tsawo ta tsakiya. Kusa da bakin kowane dogon ƙashi akwai wani faifai na guringuntsi mai taushi. Shi ne mahaifar tsawo. Kullum guringuntsin yana ƙaruwa ta gefe ɗaya, ta ɗaya gefen kuma yana rikiɗa ya zama ƙashi. In lokaci ya yi, sai faifan duka ya daskare ya zama ƙashi. Daga ranar, wannan ƙashi ya gama tsawo har abada.

Ba rana ɗaya suke rufewa ba. Daga ƙasa ake farawa a yi sama:

(a) Na gaɓar da ke sama da kofato yana rufewa kafin duƙushi ya cika shekara 1.
(b) Na saman gwiwar ƙafar gaba yana rufewa tsakanin shekara 2 da 2 da rabi.
(c) Na ƙashin baya, inda sirdi ke zama, shi ne na ƙarshe. Yakan kai shekara 5, wani ma har 6.

Wato dokin da kake gani dogo ɗan shekara 2, ido ne kawai ya cika. Ƙashinsa ɗanye ne.

2. MA'AIKATA BIYU A CIKIN ƘASHI

Kada ka ɗauka ƙashi busasshen abu ne kamar icce. Abu ne mai rai, jini na gudana a cikinsa. Akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ke aiki a ciki dare da rana. Na farko masu kankarewa ne, suna cinye tsohon ƙashi da wanda ya tsage. Na biyu masu gini ne, suna bin sawunsu suna zuba sabo.

Ka dubi yadda ake gyaran katanga ko rumbu bayan damina. Magini na kirki ba ya ɗora yaɓe a kan ɓawon da ya tsattsage. Sai ya kankare shi tukuna, sa'an nan ya yaɓa sabuwar ƙasa, ta kama. In ka hana shi kankarewa, katanga za ta yi kauri a ido, amma tsagar tana nan a ciki. Ruwan farko mai ƙarfi zai tona asiri.

Haka ƙashi yake. Duk sukuwar da doki ya yi tana barin 'yan ƙananan tsagogi waɗanda ido ba ya gani. Masu kankarewa ne ke share su, masu gini su cike. A jikin duƙushi aikin masu kankarewa ya fi haka ma. Su ne suke cinye tsohon guringuntsi don sabon ƙashi ya sami wuri, su ne kuma suke sassaƙa ƙashi ya ɗauki siffarsa yayin da yake tsawo. Ka riƙe wannan, domin a kansa maganar magani ta rataya.

3. MAGUNGUNAN DA AKE KIRA NA ƘARFAFA ƘASHI

(a) Tildren da Osphos

Waɗannan su ne ainihin magungunan ƙashi na dawaki, dangin da likitoci ke kira bisfosfonet. Tildren ta jijiya ake ba da shi cikin ƙarin ruwa, a hankali. Osphos kuwa allura ce ta tsoka, ana raba ta wuri uku. A 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a yi amfani da su, amma don ciwo guda ɗaya tak: ciwon wani ɗan ƙaramin ƙashi da ke cikin kofato wajen dunduniya, wanda ke sa manyan dawaki ɗingishi. Kuma ga doki mai shekara 4 zuwa sama. Takardar da ke cikin kwalin ta faɗi sarai cewa ba a gwada su ga wanda bai kai haka ba, ko ga goɗiya mai ciki ko mai shayarwa.

Aikinsu shi ne su kashe ƙarfin masu kankarewa. Ga tsohon doki wanda ƙashinsa ke zaizayewa, wannan taimako ne. Ga duƙushi kuwa, ka hana magini kankarewa ke nan a daidai lokacin da gini ke tashi. An gwada irin wannan magani ga ƙananan dabbobi masu tasowa, aka ga bakin ƙashi yana cushewa da tsohon guringuntsi, siffarsa tana canzawa. A hoton ƙashi sai ya fito fari, kamar mai ƙwari, alhali gyaransa ne ya tsaya.

Akwai wasu illoli uku kuma. Na ɗaya, maganin yana liƙewa cikin ƙashi watanni da yawa, har shekaru, kuma ba a da abin da ke fitar da shi. Na biyu, yana rage zafin ciwo, sai dokin da ya kamata ya huta ya yi ta gudu a kan tsaga har ta zama karaya. Na uku, yana iya kawo ciwon ciki jim kaɗan bayan allura, yana kuma iya lalata ƙoda, musamman in an haɗa shi da maganin zafin jiki irin su fenilbutazon, wanda masu dawaki ke kira buta.

A ƙasashen da ake cinikin dawakin tsere da kuɗi masu yawa, an yi zargin wasu suna yi wa 'yan shekara 1 wannan allura don hoton ƙashinsu ya yi kyau ranar kasuwa. Hukumar tseren dawaki ta Ingila ta kafa doka a 2017 cewa duk dokin da aka ba wa maganin kafin ya kai shekara 3 da rabi, ba zai yi tsere a ƙarƙashinta ba. A 2019 manyan kamfanonin gwanjon dawaki na Amurka, irin su Keeneland da Fasig-Tipton, suka hana ba da shi ga ƙananan dawakin da ake kawowa kasuwarsu. To, in waɗanda suka ƙera maganin, masu likitoci da na'urori, sun ce ba na yara ba ne, kai mene ne naka na gwadawa? In wani ya kawo maka shi, ko ya ce ka daka ƙwayar ƙashi irin wadda ake ba tsofaffi a asibiti ka zuba wa duƙushi a dusa, ka ce a'a. Dangi ɗaya ne.

(b) Allurar kalsiyam

Kalsiyam shi ne sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai da dutsen farar ƙasa, kuma kashi 99 cikin 100 na wanda ke jikin doki yana cikin ƙashi da haƙora. Don haka mutane suke zaton allurarsa za ta gina ƙashi. Ba don haka aka yi ta ba. An yi ta ne don ceton gaggawa, kamar saniyar da ta faɗi bayan haihuwa, ko goɗiya mai shayarwa da jikinta ya sandare yana rawa.

Yi lissafi da kanka. Kwalba mai mil 100 ba ta ɗauke da kalsiyam fiye da giram 2 zuwa 3. Wannan kuwa shi ne abin da ke cikin rubu'in kilo na harawa mai kyau. Kuma ƙashi kullum yake bukata, ba sau ɗaya a wata ba. Ban da haka, in aka tura ta cikin jijiya da sauri tana iya tsayar da zuciya nan take. In ta zube ƙarƙashin fata sai wurin ya kumbura, wani lokaci ya ruɓe.

(c) Allurar bitamin D

Bitamin D yana taimakon hanji ya tsotsi kalsiyam. Amma doki yana samunsa cikin ciyawar da ta bushe a rana. A ƙasar Sakkwato wa zai ce rana ta yi masa kaɗan? Sai fa duƙushin da aka kulle a ɗaki mai duhu, shi kuma maganinsa a fito da shi. Wannan bitamin ba ya fita da fitsari, taruwa yake yi a jiki. In aka yi ta maimaita allurar, sai kalsiyam ya riƙa daskarewa inda bai kamata ba, a ƙoda da jijiyoyin jini da zuciya. Dabba ta daina ci, ta rame, ta yi ta shan ruwa da fitsari, ƙafafu su sage.

(d) Alluran ƙiba

Iri biyu ne. Akwai dangin boldenon da nandrolon, masu kwaikwayon sinadarin namiji. Suna sa tsoka ta fito, wuya ya yi kauri, amma suna iya rufe faifan guringuntsin nan tun lokaci bai yi ba. Sai ka sami doki gajere mai nauyin jiki a kan ƙafafun da ba su gama ba. Duƙusa mace ta koma halin ingarma, ta yi wuyar ɗaukar ciki. Namiji kuma 'ya'yan marainansa su ƙanƙance.

Akwai kuma deksa, wadda wasu ke yi wa dabba kafin kasuwa don ta ci abinci ta yi sheƙi. Magani ne na gaske a hannun likita, na kwana kaɗan. In aka daɗe ana yi, tana rage ginin ƙashi, tana karya garkuwar jiki, tana kuma iya jawo kumburin cikin kofato, ciwon da ke nakasa doki. Wannan shi ne garin neman ƙiba a samo rama.

(e) Maganin kaji

Wannan ba na ƙashi ba ne, amma dole a ambace shi. In duƙushi ya yi zawo ko tari, kada ka ɗauko maganin kaji mai suna enrofulokzasin ka ba shi. Yana cinye guringuntsin gaɓoɓin ƙananan dawaki. Kada kuma ka ba doki abincin kaji na buhu, domin wani yana ɗauke da maganin da kaɗan daga cikinsa ke kashe doki.

4. AINIHIN ABIN DA KE RAUNANA ƘASHI A WAJENMU

To, in ba rashin allura ba ne, me ke sa ƙashin duƙushi rauni? Sau da yawa amsar tana cikin akushin da kake ba shi abinci.

Ƙashi da sinadari biyu ake gina shi: kalsiyam da fosfaras. Fosfaras ka san shi, shi ne amfanin takin supa a gona. A cikin ƙashi, kalsiyam kashi 2 ne, fosfaras kashi 1. Haka ya kamata abincin duƙushi ya kasance, ko kusa da haka. Ko ta yaya, kada fosfaras ya fi kalsiyam yawa.

Duƙushi ɗan wata 6 irin namu na gida yana bukatar kalsiyam kamar giram 25 zuwa 30 kowace rana, fosfaras kuma kamar giram 14 zuwa 17. Yanzu dubi abin da ke cikin kilo 1 na abincin da muka saba:

Gero ko dawa: kalsiyam bai kai rabin giram ba, fosfaras kamar giram 3.
Dusar alkama: kalsiyam giram 1 da ɗan kai, fosfaras kamar giram 11.
Harawar gyaɗa ko ta wake: kalsiyam giram 10 ko fiye, fosfaras kamar giram 2.

Ka gani? In da gero kaɗai zai ba shi kalsiyam ɗin yini guda, sai ya cinye fiye da rabin buhu. Harawa kilo 2 da rabi kuwa ta biya bukata. Dusar gero da ta dawa da ta masara ba su kai ta alkama fosfaras ba, amma su ma halinsu ɗaya: fosfaras ya rinjayi kalsiyam nesa ba kusa ba.

Ga yadda abin ke faruwa. Damina a wajenmu kamar wata 4 ce. In rani ya yi nisa, bazara ta kawo kai, harawa ta ƙare ko ta yi tsada. Mai doki, saboda son dokinsa, sai ya ƙara dusa da gero, ya cika da karan dawa. Jini kuwa ba ya yarda kalsiyam ɗinsa ya ragu, domin da shi zuciya ke bugawa. In bai samu a abinci ba, sai jiki ya shiga ranto daga ƙashi. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har ƙashi ya yi laushi. Tun da daɗewa Turawa suke kiran wannan cuta ciwon dusa, domin dawakin masu injin niƙa, waɗanda ake cika wa dusa, su suka fi kamuwa. Ƙananan dawaki ta fi kamawa.

Alamunta su ne:

(a) Ɗingishi mai yawo, yau wannan ƙafa, jibi waccan.
(b) Tafiya a sage, da son kwanciya.
(c) Kumburin ƙashin fuska tsakanin ido da hanci, duka gefe biyu, mai tauri, ba ruwa a ciki.
(d) Muƙamuƙi ya yi kauri, haƙora su yi girgiɗi, abinci ya riƙa zubowa daga baki.
(e) Karaya a kan ɗan abin da bai kai ya kawo ba.

Maganinta gyaran abinci ne da hutu na watanni. Ɗingishi yakan tafi, amma kumburin fuska ba lalle ya koma duka ba.

Wani zai ce, "Ai ina ba shi kanwa." Kanwa dangin gishiri ce da soda. Tana da nata amfani, amma ba ta maye gurbin harawa wajen ginin ƙashi. In ta yi yawa ma zawo take sawa.

Akwai kuma kishiyar yunwa, wato ɗura. In ka cika wa duƙushi hatsi don ya yi saurin girma, nauyi yakan riga ƙashi. Sai ka ga saman gwiwa ko gaɓar sama da kofato ta kumbura, da zafi in an taɓa, ko ƙafa ta miƙe tsaye ya riƙa taka bakin kofato. Wannan ba rashin magani ba ne. A rage hatsi, a rage wahala, a kira malamin dabbobi.

5. ABIN DA YA KAMATA KA YI

1. Fara daga uwa. Yawancin girman ɗa a ciki a wata 3 na ƙarshe yake. A lokacin, da lokacin shayarwa, ka ba goɗiya harawa mafi kyau da kake da ita.

2. Ka tabbata ɗan ya sha dakashi cikin sa'o'in farko bayan haihuwa. Kada a tatse shi a zubar.

3. Kada ka yi gaggawar yaye. Bari ya kai wata 5 zuwa 6, kuma ya riga ya saba da cin harawa tare da uwar.

4. Tanadi harawa tun da kaka. Ka ɗaure ta tun ganyen bai zube ba, domin amfanin a ganye yake. Ka ajiye inda ruwa da gara ba za su taɓa ta ba. Ka ware rabon duƙushi wanda zai kai shi faɗuwar ruwa, kada kuɗin bazara su ruɗe ka ka sayar duka. Wadda ta yi fumfuna, ko masarar da ta yi, kada ka ba doki.

5. Harawa da ciyawa su fi hatsi yawa a ma'auni. Ga kowane kilo 100 na nauyin jikinsa, kada hatsi da dusa su wuce kilo 1 a yini, kuma a raba sau 2 ko 3. Dusa ba abokiyar gaba ba ce, ita ce ke kawo fosfaras ɗin da harawa ba ta da shi sosai. Haɗa su ake yi.

6. In harawa ta yi ƙaranci, nemi garin dutsen farar ƙasa wurin masu sayar da kayan haɗa abincin kaji. Irin dutsen nan ne da ake haƙa a Kalambaina, an niƙa shi ɗanye. Zuba babban cokali 1 a kowane kilo na hatsi ko dusar gero, cokali 2 in dusar alkama ce. Ka yayyafa ruwa ka cuɗa don kada ya zauna a gindin akushi. Amma ka lura da kyau: ban da siminti, ban da farar ƙasar da aka ƙona ta shafen ɗaki, ban da takin supa. Waɗannan guba ne. Kada kuma ka daka ƙashin mushe ka ba shi, yana ɗauke da cuta.

7. Ajiye masa gishirin lasa, da ruwa mai tsabta isasshe.

8. Sake shi ya yi wasa. Ƙashi yana ƙwari ne gwargwadon aikin da yake yi. Duƙushin da ya wuni a turke ko cikin dabaibayi ƙashinsa ba ya kauri. Ka yi masa ɗan fili mai shinge, ko ya bi uwarsa kiwo safe da yamma.

9. Ba shi maganin tsutsar ciki tun yana wata 2 zuwa 3, a maimaita yadda malamin dabbobi ya tsara. Macijin ciki yana cinye abincin da ka sha wahalar nema. Ka riƙa kwashe kashi daga barga, ka kai gona.

10. Duba kofato kowane wata, a gyara shi ya zauna daidai.

6. YAUSHE ZA A HAU?

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne. Saba masa da ragama da ja da ɗaga ƙafa tun yana ƙarami. Amma horo dabam, ɗora nauyi dabam. Kada yara su riƙa ɗare ɗan shekara 1 suna sukuwa da shi a bayan gari. Sirdi da ɗan kilisa mai sauƙi, da mahayi marar nauyi, sai ya kusa shekara 3. Sukuwa mai tsanani da tsere da doguwar tafiya, bari sai ya kai 4. Hawan Sallar bana in ya wuce shi, na baɗi yana nan tafe.

In ba ka san shekarunsa ba, buɗe baki ka duba haƙoran gaba. Na tsakiya suna famfara a shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi. A shekara 5 baki ya cika. Muddin akwai sauran haƙoran nono, fararen nan ƙanana, to yaro ne, ko da ya kai raƙumi tsawo.

7. IN ZA KA SAYI DUƘUSHI

Ko a Kara ta Sakkwato ne, ko Illela, ko kasuwar ƙauye, kada sheƙin gashi ya ɗauke maka hankali. Tsaya gabansa ka dubi ƙafafu, ka koma baya ka duba. Shafa fuska da muƙamuƙi. Taɓa gaɓoɓi ka ji ko akwai zafi ko kumburi. Sa a ja shi a kan ƙasa mai tauri, ya tafi ya dawo. Dubi wuya ko akwai kumburin allura. Ɗan shekara 1 mai wuyan ingarma da tsokar babban doki abin tuhuma ne. Tambayi mai shi abin da yake ci da allurar da aka yi masa. Kai ma in kai ne mai sayarwa, faɗi gaskiya, domin gobe ma kasuwa ce.

8. LOKACIN KIRAN MALAMIN DABBOBI

Jarirai da yawa ana haifarsu da 'yar karkata a gwiwa, kuma sukan miƙe da kansu cikin makonnin farko. Amma in karkatar ta yi yawa, ko tana ƙaruwa, kada ka jira. Ta gaɓar sama da kofato ana gyara ta ne kafin wata 2 zuwa 3. Ta gwiwa kafin wata 4 zuwa 6. In faifan ya rufe, ba mai iya miƙe ta.

Haka kuma ka nemi taimako ran da ka ga gaɓa ta kumbura da zafi ga jariri, ko ɗingishin da ya wuce kwana 2, ko kumburin fuska. Ka fara da ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarku, Shagari ko Bodinga. In abin ya fi ƙarfinsu, akwai asibitin koyarwa na likitocin dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a cikin Sakkwato. Ka tafi da kwalbar duk maganin da aka riga aka ba shi, kada ka ɓoye kome. In likita ya rubuta magani, ka sayi mai lambar NAFDAC, ka duba ranar lalacewarsa, ka bi adadin da ya faɗa.

KA TUNA

Tildren da Osphos na doki mai shekara 4 zuwa sama ne, kuma a hannun likita kaɗai.
Allurar kalsiyam ta ceton gaggawa ce, ba ta gina ƙashi.
Alluran ƙiba suna iya tsayar da tsawo.
Dusa da gero ba tare da harawa ba suna zare ƙarfin ƙashi.
Kuɗin kwalba ɗaya, ka sayi damin harawa da su.
Rana, motsi, maganin tsutsa da haƙuri su ne sauran.

Sannu ba ta hana zuwa. Don ƙarin bayani sai ka tuntuɓi malamin gona ko malamin dabbobi na yankinku. In ka gama karantawa, ka karanta wa maƙwabcinka mai doki.